Sanarwa ga sababbin alƙalan wasan ƙwallon ƙafa da suka karɓi lasisi

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Muna taya waɗanda suka karɓi lasisi murna, Allah ya sanya alheri. Wasannin yara za ku fara busawa.

Ku isa fili da wuri, ku zaga shi da ƙafa. Filayenmu na unguwa ba a rasa kwalba ko ƙusa a ciki, kuma a girgiza turakun raga a tabbatar ba za su faɗo wa yaro ba. Usur biyu, agogo, kati ja da rawaya, biro da kwabon jefa ƙuri'a, kada a manta ko ɗaya.

Zobe, sarƙa da abin hannu duk a cire su, liƙe su da salatef bai halatta ba. Ƙungiyar da ta gaza ƴan wasa 7 ba a fara wasa da ita.

Tun dokar 2025 ta IFAB, hukumar da ke tsara dokokin ƙwallon ƙafa, golan da ya riƙe ƙwallo fiye da daƙiƙa 8, bugun kwana ake ba abokan hamayya. Ku ɗaga hannu ku ƙirga masa biyar na ƙarshe da yatsu.

Ni dai iyaye da koci sun fi yaran wahalar da ni. Kada ku tsaya musu da ɗan kallo. Yaro kuma in ya bugu a kai, a tsayar da wasa nan take.