Masu aikin hoto da zane a Maradi: a duba ciwon kwamfuta kafin a sayi magani

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna roƙon ɗan fili a jaridarka mu yi magana da 'yan'uwanmu matasa masu gyaran hotunan biki da suna, da masu tsara katin gayyata da kalanda da bandarol a nan Maradi. Sana'ar ta bunƙasa, kusan kowace unguwa akwai shagon da ake wannan aiki. Abin da ke ci mana rai shi ne yadda ake zubar da jikkuna a kan kayan da ba su ne matsalar kwamfuta ba. Yaro zai yi wata shida yana tara kuɗi, ya je ya sayo kat-girafik, wato katin da ke sarrafa abin da ake gani a allo, saboda ya ji kalmar "girafik" a cikin sunansa, ya saka, Photoshop kuma ya ci gaba da jan ƙafa kamar da. Kuɗi ya tafi, ciwo yana nan.

Kafin a sayi komai, a buɗe aikin da ya fi wahalar da na'urar, a danna Ctrl da Shift da Esc tare. Tagar da za ta fito, wadda Windows na Faransanci ke kira Gestionnaire des tâches, tana nuna nauyin da ke kan furosesa, wato ƙwaƙwalwar injin, da RAM, inda ake riƙe aikin da ke buɗe, da faifan ajiya da kat-girafik. A ci gaba da aiki na minti goma ana kallo. Wanda ya tsaya a kashi 90 zuwa 100 cikin ɗari lokacin da na'urar ke maƙalewa, shi ne mai laifi. A yawancin kwamfutocin ofis na gwanjo da ake shigowa da su, faifai ne ke cika, RAM na biye masa, kat-girafik kuwa yana zaune yana hutawa.

Saboda haka faifai ne farko. Tsohon disk-dur mai juyawa, ko da mai juyi 7200 a minti ne, yana karanta abin da bai wuce mega 100 zuwa 200 a daƙiƙa ba, idan kuma fayiloli ƙanana ne barkatai, sai ya faɗi ƙasa da haka sosai, domin dole allurarsa ta yi ta yawo tana nema. Faifan zamani, wato SSD, mai igiyar SATA yana kai mega 550, ba shi da allura ba shi da juyi. Mai suna NVMe, wanda ake sokawa kai tsaye a jikin kat-mer, babban farantin da komai ke jone a kansa, yana kai 3500 ko fiye. Sai dai bambancin da mutum zai ji a jikinsa shi ne na barin disk-dur zuwa SSD kowane iri; daga SATA zuwa NVMe ƙarin ba ya kai wancan. A sa Windows da manhajojin aiki a kan SSD mai giga 500, kada a sauka ƙasa da 256. Tsohon disk-dur kuma kada a yar da shi, a bar shi a ciki ya zama rumbun ayyukan da aka gama.

Akwai dalilin da ya sa muka nace kan girman. Idan RAM ya cika, Photoshop yana ɗebar wuri a faifai yana zuba aikin wucin gadi, idan wurin ya ƙare sai ya ƙi buɗe fayil ko ya ƙi ajiyewa, alhali mai biki na tsaye a bakin ƙofa. A riƙa barin aƙalla kashi ɗaya cikin biyar na SSD babu komai. Kafin a sayi NVMe kuma a buɗe akwatin a duba ko akwai ramin M.2, inda ake soka shi. Yawancin injinan ofis masu furosesar Intel ta ƙarni na 4 zuwa baya ba su da shi, wasu kuma suna da ramin amma na SATA ne kawai yake karɓa.

Sai RAM. Kamfanin Adobe da kansa ya sa giga 8 a matsayin mafi ƙaranci ga Photoshop, ya ba da shawarar 16. Lissafin a fili yake. Hoton kyamara mai megapiksel 24, wato 6000 a 4000, idan ya buɗu yana cin mega 72, idan kuma a zurfin launi na bit 16 ake aiki, 144. Wannan shimfiɗa ɗaya ke nan, wato layer guda. A ƙara shimfiɗa goma na gyaran fata da haske da rubutu, a ƙara tarihin matakan da manhajar ke riƙewa don a iya komawa baya, ga CorelDRAW a buɗe, ga WhatsApp a burauza ana karɓar hotunan kwastoma, giga 8 ya ƙare tun kafin azahar. Giga 16 ya ishi mai katin gayyata da hotunan biki. Mai manyan bandarol ko mai haɗa ɗaruruwan hotuna a Lightroom ya nemi 32.

A nan ne ake yawan yin asara wajen saye. DDR3 da DDR4 da DDR5 ba sa shiga ramin juna, tsagar da ke ƙasan kowane baret, wato sandar RAM, a wuri dabam take, wanda ya danna da ƙarfi ramin zai karya. Baret ɗin kwamfutar hannu gajere ne, ba ya shiga ta tebur. Akwai kuma RAM na manyan sabobi da ake sayarwa da araha, mai alamar R a ƙarshen lambarsa, yana shiga ramin lafiya lau amma injin ba zai tashi ba. Manhajar CPU-Z kyauta ce, tana nuna irin RAM ɗin da ke ciki da saurinsa da ramukan da suka rage. Kuma baret biyu masu giga 8 iri ɗaya sun fi guda mai 16, domin furosesa na ɗebowa ta hanya biyu a lokaci guda. Idan ramuka huɗu ne, a sa su a masu launi ɗaya.

Bari mu ɗan ratse, domin wani nauyin ba na na'ura ba ne, na mai aiki ne. Bandarol mai tsawon mita 3 da faɗin mita 1, idan aka buɗe shi a ɗigo 300 a kowane inci kamar katin gayyata, zai kai kusan 35,400 a 11,800, wato sama da megapiksel 400. Shimfiɗa ɗaya tak ta haura giga 1.2, kuma tsarin PSD, wato fayil ɗin Photoshop, ma ba ya karɓar abin da ya wuce 30,000 a gefe guda. Alhali bandarol daga nesa ake kallonsa, a bakin titi ko a bangon wurin taro. Ɗigo 100 ya wadatar, nauyin kuma ya ragu ya koma kashi ɗaya cikin tara. Rubutu da tambari a yi su a CorelDRAW ko Illustrator, inda layi ba ya fashewa ko an ja shi ya kai bango. Mutane da yawa da ke shirin sauya inji gaba ɗaya, wannan gyaran kaɗai suke bukata, kuma ko dala ba ya ci.

Abin da aka fi rainawa, wanda kuma mu muka fi jin zafinsa, shi ne allo. Mai gyaran hoto da idonsa yake ci, amma sai ka ga inji mai tsada an jona masa tsohon ekaran da aka samu a gwanjo, ko talabijin. Allon TN, wanda shi ne a yawancin na ofis, launinsa na sauyawa da ka ɗan sunkuya ko ka karkata. Talabijin kuma an ƙera shi ya ƙara wa launi armashi, ba ya faɗin gaskiya. Sakamakon shi ne a gyara fuskar amarya ta yi kyau a shago, a buga ta fito da duhu, shadda shuɗiya ta koma shunayya, a zo ana rigima da mai bugawa. A nemi allon IPS da aka rubuta yana nuna kashi 99 ko 100 na ma'aunin launi na sRGB. Inci 24 mai 1920 a 1080 ya yi. Idan inci 27 ne a nemi 2560 a 1440, in ba haka ba rubutu zai yi gwari-gwari. A jona da HDMI ko DisplayPort, a bar igiyar VGA mai shuɗin kai. A rage haske, domin allon da aka ƙure haskensa yana sa mutum ya duhunta hoto bai sani ba. A ɗora farar takarda kusa da allon, farinsu ya yi kusa da juna. Kada kuma allon ya fuskanci ƙofar shago inda rana ke dukansa. Duk da haka tawadar injin bugawa, wato CMYK, ba ta iya fitar da shuɗi da kore masu ƙyalli irin na allo, don haka a juya aikin zuwa CMYK a gani kafin a tura, a kuma roƙi mai bugawa ya fitar da ɗan guntu na gwaji.

To, yaushe ake sayen kat-girafik? Idan injin ba ya iya tafiyar da sababbin kayan Photoshop da Lightroom masu cire hatsi-hatsi da zaɓo mutum daga bango da kansu, ko ana haɗawa da bidiyo. Mai giga 4 ya isa farawa. Amma a lura da akwatin. Siraran injinan HP da Dell na ofis akwatin wutarsu yakan tsaya tsakanin wat 180 da 240, ba shi da igiya mai baki shida da manyan katuna ke bukata, kuma sau da yawa ba a iya musanya shi da na kasuwa saboda bakin igiyarsa na kamfanin ne. Ramin PCIe da ake soka katin a ciki wat 75 kawai yake bayarwa. Saboda haka sai gajeren kati marar neman ƙarin wuta, irin GTX 1050 Ti ko GTX 1650 na siririn akwati. A yi hattara da jabu: akwai tsofaffin katuna da ake sauya wa suna su riƙa nuna 1050 Ti. Idan ka ga bakin VGA a jikinsa, ka ajiye shi, na gaske ba ya zuwa da shi. Manhajar GPU-Z tana tona asirin irinsu. GT 1030 ma iri biyu ne, mai GDDR5 da mai DDR4, na biyun ya fi rauni nesa ba kusa ba alhali suna ɗaya suke ɗauke da shi.

Furosesa kuwa, kada tambarin i7 ya ruɗi kowa. Ƙarni ake dubawa, wato lambar farko bayan ɗan layin, ko biyun farko daga ƙarni na 10 zuwa sama. i7-3770 na 2012 ne, i3-12100 na 2022 ya fi shi sauri ƙwarai. Ba a kuma ɗaukar sabon furosesa a dasa a tsohon kat-mer. Har ƙarni na 7 da na 8, da raminsu ya yi kama, ba sa aiki a gidan juna. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a hukumance daga ƙarni na 8 yake farawa, tare da guntun tsaro na TPM 2.0. Sababbin fitowar Photoshop suna neman furosesa mai fasahar AVX2, wadda ƙarni na 3 ba shi da ita. Ra'ayinmu shi ne inji na ƙarni na 4 zuwa na 7 a saka masa SSD da RAM ya ƙarasa kwanakinsa, kada a wuce haka. Wanda zai sayi wani ya fara daga irin i5-8500 mai ƙwaya shida zuwa sama. SSD da allo da ka saya yau za su bi ka zuwa sabon injin, DDR3 kuwa ba zai bi ka ba, don haka kada a narka kuɗi a kansa.

Duk wannan aikin banza ne idan ba a kula da kuran, wato wutar lantarki, da ƙura ba. Ɗaukewar wuta ana tsakar ajiye fayil tana lalata shi, hawa da saukarta kuma tana kashe akwatin wuta, wani lokaci ta tafi da kat-mer. A sa ondilar, wato akwati mai batiri da ke riƙe injin idan an ɗauke wuta, a kuma san cewa lambar VA da ke jikinsa ba wat ba ce: mai 650 VA abin da yake ɗauka bai wuce wat 360 zuwa 390 ba. Inji mai kat-girafik da babban allo yana son 1000 VA zuwa sama. Kada a jona masa firinta mai leza, tana jan wuta da yawa lokacin ɗumama. Amfaninsa minti biyar ne ko goma na ajiye aiki a kashe, ba a ci gaba da aiki a kansa. Batirinsa mai bolt 12 zafi ke cinye shi, a irin zafin Afirilu da Mayu na garin nan ba ya kai shekarun da aka rubuta, don haka a riƙa zare filogi ana gwada shi lokaci-lokaci. Mai aiki da janareto ko hasken rana ya tabbata inbatarsa mai fitar da tsarkakakkiyar wuta ce, domin wasu akwatunan wuta na zamani suna mutuwa nan take idan aka ba su ta arha.

Ƙurar hunturu kuma tana toshe haƙoran ƙarfen da ke sanyaya furosesa. Idan zafinsa ya doshi digiri 100 sai ya rage gudu da kansa don kada ya ƙone, mai shago ya ɗauka injin ya tsufa. A ɗaga akwatin daga ƙasa a ɗora kan tebur, a hure shi da abin hura iska duk wata biyu ko uku, a riƙe fankar da yatsa kada ta yi ta juyawa. Man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen yana bushewa. A goge tsohon, a ɗiga sabo kamar ƙwayar gero biyu ko uku a tsakiya, ba a shafe shi kamar man shanu a burodi ba.

Duk abin da za a saya na hannu, ko a kasuwar nan ko an yi saƙonsa daga Kano ko Yamai, a yi sharaɗin gwaji da mai kaya kafin kuɗi ya fita. CrystalDiskInfo yana nuna awannin da faifai ya yi yana aiki da lafiyarsa, H2testw yana kama SSD ɗin da aka yi wa ƙaryar girma, MemTest86 kuma a bar shi ya zagaye RAM aƙalla sau ɗaya. A kwafe hotunan mutane zuwa wani faifai na waje kafin a kwance ko dunƙule ɗaya, domin SSD idan ya mutu ba ya yin ƙara ya yi gargaɗi kamar disk-dur, kuma hoton ɗaurin aure ba a sake ɗaukarsa.

Mun gode da filin da ka ba mu, Malam Edita. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Wassalam,
Wasu masu gyaran kwamfuta da aikin ɗab'i,
Maradi, Jamhuriyar Nijar.