Abin da ke cinye RAM lokacin da Git ke matse bayanai

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba mu fili mu yi magana da masu kula da sabar da ke ɗauke da Git, manhajar adana tarihin sauye-sauyen fayiloli da Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005. Sau da yawa aikin git gc, umarnin da ke share ma'ajiyar Git ya matse ta, yakan tsaya da saƙon "pack-objects died of signal 9", wato RAM ta ƙare, Linux ya kashe aikin. Sai ka ga an garzaya an rage core.compression, saitin ƙarfin matsewa. Wannan ɓata lokaci ne, domin zlib, manhajar da Git ke matse bayanai da ita, kusan kilobait 256 kawai yake buƙata idan yana matsewa.

Inda matsalar take shi ne wurin neman bambanci. Git yakan riƙe fayiloli 10 a RAM, ya gwada kowane sabon fayil da su, ya ajiye bambancin kaɗai. Kuma kowace cibiya ta furosesa tana riƙe nata goman. Idan fayilolin masu megabait 100 ne, cibiyoyi kuma 8, gigabait 8 ke nan, ba a ma lissafa jadawalin binciken da ake gina wa kowane fayil ba. Wanda ya ƙara wa git gc zaɓin --aggressive kuwa ya ɗaga goman nan zuwa 250.

Don haka a fara da pack.windowMemory, saitin yawan RAM da fayilolin nan da ake riƙewa za su ci, wanda ba shi da iyaka sai an sa masa. A ba shi 100m, wato megabait 100, amma a tuna iyakar ta layin aiki guda ce, kuma kowace cibiya tana da nata layin, dole a haɗa da pack.threads, mai ƙayyade yawan layukan, a mayar da shi 1 ko 2. Ana iya sauke pack.deltaCacheSize, iyakar RAM da ake ajiye bambance-bambancen da aka gano a ciki, daga megabait 256 zuwa 64. Shi kuma core.bigFileThreshold yana kan megabait 512. Idan aka sauke shi zuwa 50m, duk fayil da ya wuce haka matse shi kawai za a yi, ba za a nemi bambancinsa ba. Bidiyo da fayilolin zip, waɗanda dama a matse suke, a rubuta musu -delta a fayil ɗin .gitattributes, don kada a nemi bambancinsu.

Aikin zai ɗan daɗe, ma'ajiyar ma za ta ɗan ƙara girma. Mu dai gara mana wannan da sabar da ke faɗuwa. Idan kuma wajen git clone, wato kwafo ma'ajiya daga sabar, ne abin ke mutuwa, a kan sabar za a yi saitin, domin can ake haɗa ƙunshin bayanan kafin a aiko.

Daga wasu injiniyoyin manhaja