Fatar Sakkwato da Sunan Maroko: Gyara Kan Batun Ƙwato Suna

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. A shirinku na kasuwanci da ya gabata, wani baƙonku ya ce Turawa sun sace mana suna, wai fatar da duniya ta sani da sunan Maroko tamu ce kakaf, don haka gwamnati ta tashi tsaye ta ƙwato sunan. Akwai gaskiya a maganarsa, amma ya cakuɗa ta da kuskure, kuma kuskuren ne zai sa a zuba ƙarfi inda babu riba. Ku ba mu ɗan fili mu warware zaren.

Babu wanda ya saci suna. Haka kasuwa take yi wa kaya laƙabi tun kaka da kakanni: mai saye yana kiran kaya da sunan wurin da ya gan su na ƙarshe. Mu ma haka muke yi. Ka je wurin dillalan mota nan Zariya ka ce 'yar Kwatano kake nema, kowa ya gane nufinka, alhali a Jamus ko Japan aka ƙera ta, Kwatano tashar jirgin ruwa ce kawai da aka sauke ta. Kayan gyaran da makanikai ke kira Beljiyam ma haka ne. Wani lokaci kuma sunan yakan faɗa daidai a kan masu aikin: balma gishirin Bilma ne, kanwa ungurnu daga Ngornu ta ƙasar Barno ta samo suna, rawani ɗan Kura kuwa a Kura ta ƙasar Kano ake rina shi a buge shi har ya yi ƙyalli. Har mugun suna gari kan bar wa kaya. Kalmar jabu daga Ijebu ta fito, saboda kuɗin ƙarya da aka danganta da can zamanin Turawa, ga shi yau muna cewa jabun magani ba tare da mun tuna da garin ba.

Maroko ma asalinsa sunan birni ne, Marrakesh. Turawa suka ɗauke shi suka laƙaba wa ƙasar baki ɗaya, daga nan ya koma kan fatar akuya da aka jeme da tsiro wadda suke saye daga gaɓar Afirka ta Arewa. A Faransanci har yau kalmar da ake kiran baduku mai ɗinka jaka da lalita daga sunan Maroko aka ciro ta. Kafin Marrakesh, Ƙurɗuba ta Andalus ta yi irin wannan tashen, har sunan mai ɗinkin takalmi a Faransanci da tsohon Ingilishi ya samo tushe daga gare ta. Jar dara da dattawanmu ke sawa, a Turai sunan birnin Fas na Maroko take amsawa.

To ina rabonmu a ciki? Yana da yawa. Ayarin fatake ya daɗe yana ɗaukar jemammiyar fata daga Kano ya bi ta Damagaram da Agadas, ya ratsa Gat da Gadamas ya sauka Tarabulus. Heinrich Barth, Bajamushen da ya zauna Kano a 1851, ya rubuta yadda ake fitar da takalma da jar fata daga can zuwa arewa. Ku lura, Tarabulus ba Maroko ba ce. Lokacin da fatarmu take isa hannun Bature, kalmar ta riga ta zama sunan nau'in fata, ko daga ina ta fito. Kuma majeman Fas da Marrakesh na nan da ramukansu suna aikinsu ƙarni da ƙarni, ba za a ce ba su jeme komai ba. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano ta Zariya a 1911, aka kuma ja reshe daga nan Zariya zuwa Gusau da Ƙauran Namoda a 1929, sai fata ta juya baya ga hamada ta nufi Ikko. Masu yi wa littattafai bango a Ingila kuwa suna kiranta fatar Neja, suna kuma fifita ta saboda daɗewarta ba ta ruɓe ba. Suna na biyu ke nan, na kogin Neja, shi ma na hanya ne.

Abin da ya sa aka yi rububinta abu biyu ne: akuyar da kuma jimar. Jar akuyar Sakkwato, wadda 'yan'uwanmu na Nijar ke kira akuyar Maraɗi, tana da gajeren gashi mai laushi, ramukan gashin ƙanana ne a jere kusa da juna, naman fatar kuma a matse yake. Shi ya sa fuskarta ke fitowa da ƙwaya-ƙwaya masu kyau, kuma ana iya fere ta ta yi siriri ba ta yage ba. Fata ɗaya takan ba da ƙafa huɗu zuwa shida a awon 'yan fata.

Jimar gargajiya kuwa ga yadda take. Busasshiyar fata ana jiƙa ta kwana ɗaya zuwa biyu har ta koma kamar ɗanya. Idan aka yi gaggawa a nan, duk abin da za a sa mata daga baya ba zai shige ta daidai ba, sai ta fito wani wuri da taushi wani wuri kamar katako. Daga nan a tsoma ta cikin ruwan toka, wasu kan haɗa da farar ƙasa, yanzu kuma da yawa sun koma ga dusar kabayid ta masu walda. Kwana biyu zuwa uku gashi ya saki. A shimfiɗa ta kan gungume a karce gashin da wuƙa mai mariƙi biyu, a juya ta a kankare ragowar nama da kitse. Idan ta wuce lokaci a cikin toka, fuskar takan saki daga jikin fatar, ka ga ta yi yamutsi idan an naɗe ta, wannan kuma ba ya gyaruwa.

Sai matakin da baƙo kan toshe hanci: ruwan kashin tattabara ko na kaji, wasu wurare kuma ganyen fataka. Aikinsa cire kaifin toka da sassauta fata. Awoyi ne ake ƙirgawa a nan, musamman da bazara. Gwajinsa shi ne a danna babban yatsa a kan fuskar. Idan shaidar yatsan ta zauna, ta yi. A bar ta ta kwana fiye da kima, sai a tarar fuskar ta cinye ta yi dishi-dishi.

Bagaruwa ce zuciyar aikin. Ana son wadda ta nuna ta bushe a inuwa, a daka ta a sheƙe 'ya'yan, domin sinadarin jimar a ɓawon yake, wajen kashi 30 cikin 100 na nauyinsa ko fiye, 'ya'yan kuwa dauɗa da yauƙi kawai suke ƙarawa. Babban kuskuren sabon shiga shi ne ya jefa fata kai tsaye cikin ruwan bagaruwa mai kauri don ya gama da wuri. Bayan fatar da cikinta su jemu nan take su toshe, tsakiya ta zauna ɗanya, bayan wata biyu jaka ta fara tsagewa a wurin lanƙwasa. Ƙa'ida ita ce a fara da tsohon ruwa da ya riga ya yi aiki, ana murzawa ana juyawa, sannan a ƙara sabo, a gama da mai ƙarfi. Fatar akuya kwana biyu zuwa uku ta isa. Kafin a tsame, a yanki ɗan gefe ta wajen wuya inda ta fi kauri a duba: idan akwai farin layi a tsakiya, da saura. Kuma kada ƙarfe ya kusanci ramin. Ƙusa ɗaya mai tsatsa, ko bokitin ƙarfe da aka ɗebo ruwa da shi, ya isa ya bar baƙin tabo a fata goma. Dukawa sun san wannan sarai, don da haɗuwar ƙarfe da bagaruwa ɗin suke samun baƙin rini na kuloko, wanda ake haɗawa daga kashin maƙera.

Bayan wanki sai a shafa man gyaɗa tana da ɗan danshi, a shanya a inuwa, a ja ta a murje ta har ta yi laushi. Jan launin nan da ya yi suna daga karan dafi yake: a daka shi, a jiƙa da ruwan kanwa, a goga wa fuskar fata, sannan a bi da ruwan lemun tsami ko na tsamiya don launin ya buɗe ya zauna. Kanwa ta yi yawa, jan ya koma ruwan hanta. Masu bangon littafi a Turai sukan ƙara aiki ɗaya: su naɗe fatar fuska a ciki, su mirgina ta da allo mai taushi ta kusurwa daban-daban har ƙwayar fuskar ta taso. Wannan tasasshiyar ƙwaya ita ce abin da mai saye ke nufi in ya ce Maroko.

Jimar masana'anta, irin ta Challawa da Sharaɗa a Kano, galibi da sinadarin kurom ake yinta, cikin ganga mai juyawa, a gama cikin kwana guda fatar ta fito shuɗi-shuɗi, kuma tana jure tafasasshen ruwa, abin da ta bagaruwa ba ta yi. Kowacce da kasuwarta. Amma fatar da ta bar ƙasar nan rabin aiki, aka ƙarasa rininta da gogenta a Italiya ko Sifen aka yanka ta takalmi, sunan can za ta ɗauka, kamar dai yadda ta ɗauki na Maroko a zamanin raƙuma.

Ƙwato sunan Maroko kuwa aikin baban giwa ne. Dokokin da ke kare sunan wuri a kan kaya ba sa dawo da sunan da ya riga ya zama gama-gari, balle ma sunan ƙasar wasu ne. Abin da ake iya karewa shi ne sunan da har yanzu yake manne da wurinsa da hanyar aikinsa. Ga misali a maƙwabta: Nijar ta yi wa albasar Galmi da kilishinta rajista a ƙungiyar kare haƙƙin fasaha ta OAPI. Irin wannan rajista ba ta yiwuwa sai an rubuta ƙa'ida: wane iri, daga wace iyaka zuwa wace iyaka, ta wace hanya, wa zai duba. Idan ana son a ce fatar Sakkwato a Milan ta Italiya a san abin da ake nufi, sai an yarda cewa jar akuya ce tsantsa, jimar bagaruwa ce, kuma mai lamba ɗaya ba ta da yanka ko huda a tsakiyarta.

A nan ne gizo ke saƙar, domin yawancin fatar da ke faɗuwa daga lamba ɗaya zuwa ta uku tun kafin ta ga majemi ta lalace. Ƙazuwa da kaska suna barin tabo tun dabbar na raye, ƙaya da waya mai ƙaya suna karce ta. Sai mahauci ya zo da wuƙa mai tsini yana sauri. Akuya ba ta buƙatar wuƙa sai wajen buɗewa a ƙafafu da wuya. Sauran da dunƙulen hannu ake turawa a zare ta kamar riga. Kowane ɗan zane da bakin wuƙa ya yi ta ciki, ko bai huda ba, zai bayyana bayan jima. Bayan fiɗa, agogo ya fara aiki: a zafin Zariya na watan Afrilu, fatar da ta yi awa biyar ko shida a dunƙule cikin buhu ta fara ruɓa, alamarsa gashi ya riƙa zuba da an ja shi. A wanke jini, a bar ta ta huce, a zuba gishiri wajen rabin nauyinta, wato fata mai kilo ɗaya ta sha kusan rabin kilo, a bi har gefuna da ƙafafu inda ake yawan mantawa. Wanda ba shi da gishiri ya ɗaure ta a firam ko ya rataye a igiya a inuwa mai iska. Shimfiɗa ta a ƙasa cikin rana, kamar yadda ake gani a unguwanni washegarin Babbar Sallah, shi ne mafi muni: sama ta bushe ƙamas, ƙasa ta dahu da zafin turɓaya, tsakiya ta ruɓe a ɓoye, sai an jiƙa ta a majema ta rabe gida biyu. Busasshiyar ma idan aka jibge ta a ɗaki babu magani, ƙwaron fata zai huda ta kamar rariya.

Abin mamaki shi ne duk ilmin nan yana nan ƙofar gidanmu. Cibiyar nazarin fata ta NILEST tana Samaru, cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke aiki kan jar akuya tana Shika, tsakaninsu da mayankar cikin gari tafiyar mintoci ce a mota. Amma yaron da ke riƙe wuƙa da asuba ba kasafai ake koya masa cewa yanka ɗaya a gadon baya na iya zubar da darajar fata ba, kuma tunda mai tara fata sau da yawa kuɗin guda yake biya, mai kyau da mai huda farashi kusan ɗaya, ba shi da dalilin rage sauri. A ganinmu bambanta farashi tun daga mayanka ya fi kowace takardar koke zuwa ƙasar waje amfani.

Muna roƙo idan za ku sake taɓo batun, ku gayyato Sarkin Fawa da majemi da baduku su zauna tebur ɗaya da malamin Samaru, a kawo fata biyu, ta hannu da ta wuƙa, a ɗaga su a hasken taga a gaya wa masu sauraro abin da aka gani. Ya fi kyau a yi shi mako biyu kafin layya.

Wassalam.

Naku,
Wasu ma'abota sana'ar fata,
Samaru, Zariya.