Takardar koke zuwa ga Mai Martaba Sarkin Damagaram kan tamowar da ke cin 'ya'yanmu

Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara lafiya da nasara.

Mu iyaye mata ne da kakanni daga unguwannin Garin Malam, Kara-Kara da Birni. Mun kawo kuka gaban uba. Kowace shekara daga watan Yuni, da rumbu ya yi ƙasa, tiyar hatsi ta hau, sai yaranmu su fara zubewa har sabon gero ya shigo. A likita ana naɗa musu ma'auni a damtse, in ya nuna ja, ƙasa da milimita 115, an san tamowa ta yi tsanani.

Ranka ya daɗe, ba yunwa kaɗai ke kawo wannan ba. Wata 'yarmu ta samu ciki goyonta na wata 11. Aka ce yaron zai sha ciki, aka yaye shi rana ɗaya, aka kai shi ƙauye wurin kaka. Kunu tsululu safe da yamma, sai zawo. Da aka dawo da shi ƙafafunsa sun kumbura, in ka danna da yatsa gurbin ya zauna, gashi ya yi ja, ko kuka ba ya iyawa. Ma'aikatan lafiya sun gaya mana nonon mai ciki ba ya cutar da yaro, yayen gaggawan ne ya kayar da shi. Mu kakanni, da hannunmu muka yi wannan, kuma yana ci mana rai. Haka muke matse dakashi mu zubar, alhali shi ne garkuwar farko ta jinjiri, mu ɗura masa ruwa da bauri tun bai cika wata 6 ba, mu hana yaro ƙwai wai kada ya yi sata.

Sai ruwa. Sarki ya fi mu sanin ƙishin Damagaram. In famfo ya ɗauke, garuwa ta yi tsada, talaka ya koma tabki, kuma da wannan ruwan ake dama wa yaro kunu. Zawo ya kwashe ɗan abin da ya ci, damina ta ƙara masa zazzaɓin sauro, wanda bai samu rigakafi ba ƙyanda ta same shi.

Tun 2006 gwamnati ta ce a duba yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta, amma mace sai ta kwana uku da yaro a kwance tana jiran izinin maigida da ya tafi cirani.

Abin da malamar likita ta faɗa a ƙi ji, in ya fito daga fada za a ji. Muna roƙon Sarki ya umurci masu unguwanni da limamai su yi wa maza magana a huɗuba da wurin suna: a bar jariri da nono zalla har wata 6, a ci gaba da shayarwa zuwa shekara 2, a riƙa sa masa garin ƙuli-ƙuli, wake ko zogale a kunu, kuma duk mai tafiya ya bar wa matarsa izinin zuwa likita. Muna roƙon a tsawata wa masu sayar da ƙullin maganin tamowa a kasuwa, domin rabon yaro mara lafiya ne. Sannan Sarki ya isar mana da kukan ruwa ga magajin gari da gwamna kafin bazara ta kama.

Allah ya taimaki Sarki.

Talakawanka, iyaye mata da kakanni na birnin Zinder.