Tailan Ba Shinkafa Kaɗai Ba Ce

Assalamu alaikum Edita,

Don Allah ku riƙa kawo mana labarin al'adun ƙasar Tailan mana, mu dai buhun shinkafarsu kawai muka sani. Ga bikin Songkran na sabuwar shekararsu, 13 zuwa 15 ga Afrilu, lokacin zafi ne sosai, a Bankok da Chiang Mai kowa na titi da bokiti da bindigar ruwa ana ta sheƙa wa juna, har baƙi ba sa tsira, amma ni abin da ya fi burge ni shi ne yadda yara ke durƙusawa su zuba wa iyaye ruwa mai ƙamshi a tafin hannu suna neman albarka. UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ma ta amince da bikin a matsayin al'adar gado a 2023. Kuma fa Turawa ba su taɓa mulkar ƙasar ba, a yi mana bayanin yadda aka yi.

Naku,
Mai karatu daga Kano