Waƙar magatakardan Uskudar: amsa ga mai neman ɓarawo

Assalamu alaikum Malam,

A shirin rediyon daren Asabar ka bugo waya ka jefo mini tambaya, lokaci kuma ya ƙare kafin in buɗe baki. Ka ce ka ji wata waƙa a fim ɗin Turkiyya, abokinka da ya zauna a Girka ya rantse ta Girkawa ce, to tsakaninsu wa ya yi sata? Na yi alkawarin amsa a rubuce, ga ta.

Waƙar da ka rera mini ta waya Turkawa na kiranta Katibim, wato magatakardana. Zancen wata mace ce da magatakardanta a hanyar Uskudar, unguwar Santambul da ke tsallaken ruwa, ruwan sama ya tare su, taɓo ya ɓata masa bakin riga. Abokinka ma bai yi ƙarya ba, Girkawa suna da ita da nasu baitocin. Haka Albaniyawa da Sabiyawa da Bosniyawa da mutanen Masadoniya da Bulgeriya. Larabawa kuwa zancen 'yan matan Iskandariyya suka ɗora mata. Kari ɗaya ne, baki ne ya bambanta.

Ba kai ka fara wannan tambaya ba. Wata mai shirya fim 'yar Bulgeriya, Adela Peeva, tana cin abinci a Santambul da abokai daga ƙasashen yankin, makaɗa suka tashi karin, kowa a teburin ya ce ai tamu ce. Sai ta ɗauki kyamara ta bi ƙasashe bakwai, fim ɗin ya fito a 2003. Da fari abin dariya ne. Amma a kudancin Sabiya ta kunna wa wasu maza irin ta Bosniya, wuri ya hautsine, har aka ɗauke ta 'yar tsokana. A ƙasarta kuwa, a tsaunukan Stranja, karin ya zama waƙar tunawa da boren 1903 da aka yi wa Turkawa, don haka da ta ce mai yiwuwa daga Turkiyya ya fito, barazanar rataya aka yi mata. Ka ga abin da ke zolayar masoya a wani gari, a wani taken yaƙi ne.

Dalilin da na ƙi nuna ɓarawo shi ne, sai da mai kaya ake sata. Ƙasashen nan duk sun yi ɗaruruwan shekaru ƙarƙashin Daular Usmaniyya ta Turkawa, kasuwa ɗaya, barikin soja ɗaya, makaɗan biki, galibi 'yan ƙabilar Roma, suna yawo gari gari. Girka ta samu 'yanci a 1830, Sabiya a 1878, Bulgeriya a 1908, Albaniya a 1912. Waƙoƙin sun riga iyakokin zuwa. Ko asalin wannan karin labarai ne barkatai: wasu sun ce daga badujalar sojojin Sikotlan da suka sauka Uskudar lokacin yaƙin Kirimiya ne, wasu sun ce daga wasan wani mawaƙi Ba'armeniye. Kowa da hujjarsa, ba wanda ya kayar da wani. Mu ma nan Kano mun ga masu bandiri sun ɗauki karin fim ɗin Indiya sun mayar da shi begen Annabi, kuma mai sauraro bai ji baƙunta ba.

Inda rigimar ta yi tsami shi ne lokacin da malamai suka fara rubuta waƙoƙin baka a ƙarni na 19. Kowace sabuwar ƙasa tana son shaidar cewa ita tsohuwa ce, waƙar ƙauye kuwa ta zama kamar takardar fili. Dubi Dimitar da Konstantin Miladinov, wa da ƙane daga garin Struga. Sun tattara waƙoƙi sama da 600 suka buga a Zagreb a 1861 da sunan waƙoƙin gargajiya na Bulgeriya, a 1862 kuma dukansu suka mutu a kurkukun Santambul. Yau Struga tana cikin Masadoniya ta Arewa, kuma an sake buga littafin a can an cire kalmar Bulgeriya daga bango. Har gobe Sofiya da Skopje, manyan biranen Bulgeriya da Masadoniya ta Arewa, suna jifan juna da wannan bangon littafi. A nan kam ina da ɓangare: a yi ta musun ko mutanen su wane ne, amma sauya sunan da marubuci ya sa da hannunsa ba gyara ba ne, ha'inci ne.

Wanda nake yawan tunawa wani tsoho ne, Salih Ugljanin, da Milman Parry da Albert Lord na jami'ar Harvard suka naɗi muryarsa a garin Novi Pazar na Sabiya a 1934. Da gusle yake waƙa, wani kayan kiɗa mai tsirkiya ɗaya kamar gogenmu. Yana rera labarin jarumai da Albananci, ya juya ya rera da Bosniyanci. Da za ka tambaye shi ta wace ƙasa ce, ina jin cewa zai yi wurin wane ya koya, iyakar nasabar da mawaƙi ya sani ke nan.

Saboda haka, Malam, baitocin magatakarda na Turkawa ne, na abokinka na Girkawa ne, karin kuwa ban ga wanda ya kawo rasit ba. Ka zo da shi Asabar mai zuwa, zan sa muku duka biyun a jere, in ƙara da ta Bosniya.

Wassalam.