Zuwa ga 'Yata: Sararin Samaniya Yana Cikin Kwamfutarki

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

'Yata, bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, karatu kuma yana tafiya yadda ake so. Saƙonki ya iso, na karanta shi har sau biyu. Kin ce wani tunani yana damunki, wai 'yan sashen fiziks su ne masu binciken yadda Allah ya tsara halitta, ke kuwa mai karatun tsaron kwamfuta kin ƙare a toshe ɓarakar da wasu suka bari a manhaja. Kina so ki fahimci duniya, kina so gobe ta zo da hannunki a ciki, amma ba ki ga hanyar da ta tashi daga ajinku ta kai can ba. Burin ba shi da aibi. Abin da na lura shi ne kin raina gonar da kike tsaye a cikinta. Duk kwaɗon ɓoye bayanai da ake koya miki ɗaurawa a jikin wata ƙa'idar halitta yake rataye, kuma ɗaya daga cikin ƙa'idodin nan tana shirin sauya aikinku gaba ɗaya tun kafin ki yi nisa a cikinsa.

Fara da agogo. Taurarin ɗan'adam na GPS suna shawagi a nisan kilomita 20,200 daga ƙasa, kowanne ɗauke da agogon atom. Saboda gudunsu, agogon yana jinkiri da kimanin maikurosakan 7 a rana. Saboda ƙarfin jan ƙasa ya yi rauni a can sama, yana gaba da kimanin 45. Idan aka cire, saura 38. Maikurosakan ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na daƙiƙa, amma haske yana cin mita 300 a cikinsa, sai ki buga lissafin ki ga kilomita nawa awon nisa zai kauce a yini guda. Shi ya sa ake rage saurin agogon tun yana ƙasa, bisa lissafin Einstein. Wannan lokacin ne yake gangarowa zuwa sabobi masu raba lokaci (saba ita ce kwamfutar da ke yi wa sauran hidima), daga nan ya shiga na'urorin da za ki tsare. Lambobi shida da manhajar tantancewa ke ba ki a waya duk daƙiƙa 30 suke canjawa, daga agogo ake haifar su. Kerberos, wanda ke tantance ma'aikata a yawancin ofisoshi masu amfani da Windows, ba ya yarda agogo biyu su saɓa fiye da minti 5. Idan batirin agogon saba ya mutu ta koma wata tsohuwar shekara, takardun shaidarta za su zama kamar ba su fara aiki ba, kowa ya kasa shiga, a yi ta neman ɗan kutsen da babu shi. Saboda haka duk inda aka ba ki amana, ki haɗa sabobin da majiyar lokaci uku ko huɗu, domin mai agogo biyu ba ya sanin wanne ke ƙarya. Ki kuma sa rajistar kowace na'ura ta riƙa rubutu da UTC, wato lokacin bai ɗaya na duniya. Agogonmu yana gaban UTC da awa ɗaya, kuma awa ɗayar nan ta isa ta juya miki labarin kutse, ki ga an kwashe kaya kafin a fasa ƙofa.

Sai ƙuri'a. Kowane makulli na sirri daga lambar da ba wanda zai iya hasashenta ake ƙera shi, kwamfuta kuwa ba ta iya jefa ƙuri'a da kanta, abin da aka umarce ta kawai take yi. Dole ta aro rashin tabbas daga halitta: hayaniyar zafi a cikin wayoyin lantarki, ɗan saɓanin lokaci tsakanin motsin sassanta. A 2006 an cire wasu layuka daga OpenSSL, manhajar ƙera makullai, a tsarin Linux na Debian don a kashe wani gargaɗi da manhajar gwaji ke yi, ba a sani ba ashe jijiyar ƙuri'ar aka yanke. Sai a watan Mayun 2008 aka gano. Shekara biyu ana ƙera makullai waɗanda, a kowane iri da girma, ba su wuce 32,767 ba, adadin da kwamfutarki za ta gwada kafin shayinki ya huce. Lissafin kwaɗon bai samu matsala ko ɗaya ba. Idan kina rubutu da Python, kada ki taɓa ɗauko makulli ko lambar sake kalmar sirri daga sashensa mai suna random. Wanda ya ga lambobinsa 624 a jere zai iya faɗin duk masu zuwa. Ki yi amfani da sashen secrets, shi yana ɗebowa ne daga rumbun ƙuri'ar da tsarin na'urar ke tarawa.

Yanzu ga maganar da ta sa na zauna rubutun nan.

Tun daga 1977 da Rivest da Shamir da Adleman suka fito da kwaɗon RSA, amincin ciniki a intanet ya dogara ne a kan abu ɗaya mai sauƙin faɗa: ninka manyan lambobi biyu waɗanda ba sa rabuwa sai da kansu da ɗaya abu ne na ƙiftawar ido, amma a ba ki amsar a ce ki nemo iyayenta, nan gizo ke saƙar. Lambar RSA mai bit 2048 (bit shi ne sifili ko ɗaya a lissafin kwamfuta) tana da alƙaluma 617. A 2020 masu bincike sun warware mai bit 829, aikin da ya ci ƙarfin da ya kai na ƙwaƙwalwar kwamfuta ɗaya tana aiki shekara kusan 2,700. Tsakanin 829 da 2048 kuwa tafiya ce da kwamfutocin da muka sani ba za su gama ba.

A 1994 Peter Shor ya nuna cewa injin da ke aiki da ƙa'idodin kwantum, wato fiziks ɗin ƙananan ƙwayoyi irin su atom, zai yanke wannan tafiya. Kada ki yarda da masu cewa injin yana gwada duk amsoshi lokaci guda, wannan bayanin 'yan talla ne. Abin da Shor ya yi shi ne ya mayar da matsalar ta zama neman tazarar da wani jerin lambobi ke maimaita kansa, sannan ya tsara lissafin yadda amsoshin banza za su riƙa kashe juna kamar igiyoyin ruwa biyu da suka yi karo, ta gaskiya ta yi saura. Wannan dabara tana rushe RSA, da Diffie-Hellman, da duk makullan da aka gina a kan lanƙwasar elliptic, waɗanda kusan kowace waya ke amfani da su yau. AES-256 mai kulle saƙo da SHA-256 mai tantance shi kuwa suna nan daram, ba su ne abin damuwa ba.

Ba a nuna injin da zai iya wannan aiki ba tukuna, domin kubit, wato bit ɗin injin kwantum, abu ne mai saurin lalacewa, ɗan zafi ko girgiza ya ishe shi ya manta abin da yake riƙe da shi, sai an tara masu yawa suna gyara wa juna kuskure kafin a samu ɗaya abin dogaro. Amma dubi yadda ƙiyasin ke sauka: a 2019 Craig Gidney da Martin Ekerå sun lissafa kubit miliyan 20 da awa 8, a 2025 Gidney ya sake lissafi ya ce ƙasa da miliyan ɗaya za su yi cikin ƙasa da mako.

Za ki ce to ai sai injin ya zo. A nan mutane da yawa ke tuntuɓe. Ɓarawo mai haƙuri yana iya naɗe saƙonnin da ke wucewa yau a kulle, ya adana, ya jira ranar da zai samu mabuɗi. Lambar sirrin katin banki ba ta da wannan matsala, kafin ranar an canja ta. Amma zanen yatsan da aka ɗauka don BVN ko NIN fa? Takardun asibiti fa? Mutum ba ya canja yatsa. Michele Mosca ya taƙaita abin da lissafin da ɗan firamare zai iya: ki haɗa shekarun da sirrin ke bukatar zama a rufe da shekarun da sauya kwaɗon zai ɗauka, idan jimlar ta wuce shekarun da suka rage kafin injin ya samu, an riga an makara. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sabbin makullan sun riga sun fito. Hukumar NIST ta Amurka ta buɗe gasa a 2016, ta kuma fitar da ma'aunai uku ranar 13 ga Agustan 2024: ML-KEM don musayar makulli, ML-DSA da SLH-DSA don sa hannu na lantarki. Daftarin da ta fitar daga baya ya ba da shawarar a fara janye RSA mai bit 2048 bayan 2030, a daina RSA ɗungurungum bayan 2035. Ki ƙirga shekarunki a lokacin. Aikin sauyin nan a hannun tsararku zai faɗo, kuma mafi yawansa ba lissafi mai zurfi ba ne, aikin bin ɗaki-ɗaki ne da fitila.

Matakin farko ƙidaya. Ma'aikata da yawa ba su san wuraren da RSA ke ɓoye a cikin kayansu ba: shafin intanet, VPN, SSH, imel, katin shiga ƙofa, na'urar POS, manhajar da wani ɗan kwangila ya rubuta shekara goma da suka wuce ya tafi abinsa. Ki buɗe jadawali, kowane layi na'ura ɗaya: wane kwaɗo, girman makulli nawa, wa ke iya sabunta shi, sirrin da yake tsarewa shekara nawa zai yi yana da daraja. Wannan gurbi na ƙarshe shi zai gaya miki inda za ki fara. Musayar makulli ake gabatarwa, don ita ce mai naɗe saƙo ke hari. Sa hannu ba a iya ƙirƙirar na jabu sai injin ya samu, in ban da na'urorin da za a girka su yi shekara 15 ko 20 ba a taɓa su ba, kamar mitar wuta, su tun yanzu ake tunaninsu.

Kada ki cire tsohon kwaɗo ki bar sabo shi kaɗai. Ana haɗa su ne, tsohon X25519 da sabon ML-KEM-768, ta yadda sai an fasa duka biyun. Dalilin yana cikin gasar kanta: wani sabon kwaɗo mai suna SIKE ya kai zagaye na huɗu, masana sun yi shekaru suna dubansa, sai a Yulin 2022 Wouter Castryck da Thomas Decru na jami'ar Leuven a Beljiyam suka fasa shi da kwamfuta ta gama-gari cikin kusan awa ɗaya. Ba da kwantum ba, da wani tsohon lissafi da ba a kawo zai shafi lamarin ba. Don wannan ma nake hana ki ƙirƙirar kwaɗon kanki ki ɗora wa mutane, komai kyan da ya yi miki.

Inda abin ya fi yawan lalacewa a aikace shi ne girma. Makullin X25519 bayit 32 ne (bayit ɗaya bit 8 ne). Na ML-KEM-768 bayit 1,184. Idan aka haɗa, gaisuwar farko da burauza ke aika wa saba tana ɗauke da bayit 1,216 na makulli kaɗai, ƙunshi ɗaya na hanyar sadarwa kuwa bai saba wuce 1,500 ba. Gaisuwar sai ta rabu gida biyu, tsofaffin katangun tsaro da aka rubuta bisa zaton ƙunshi ɗaya za ta zo sai su yanke layin. Hakan ya faru a 2024 lokacin da Chrome ya kunna irin wannan haɗi ga kowa. Sa hannu ya fi muni: tsohon Ed25519 bayit 64, sabon ML-DSA-65 bayit 3,309. A birnin da intanet ke gudu ba za a ji ba. A ƙauyen da mai POS ke ɗaga na'ura sama yana neman sabis, za a ji. Wanda ya auna wannan a kan layi mai rauni, ya rubuta sakamakon da alƙaluma, ya yi aikin da masu zama a inda sabis ba ya yankewa ba za su tuna su yi ba.

Abu ɗaya kuma, ba na so in maimaita shi. Duk gwajin da za ki yi, a kan kayanki za ki yi shi. Dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015 ta haramta shiga kwamfutar wani ba da izini ba, kuma kyakkyawar niyya ba izini ba ce. In an ɗauke ki gwajin tsaro, sai da takarda mai sa hannun wanda ke da ikon bayarwa, an rubuta adireshin na'urorin, da ranar farawa da ta gamawa, da abin da ba a yarda ki taɓa ba. 'Yan uwa za su zo, wannan a buɗe masa WhatsApp ɗin matarsa, waccan a dawo mata da Facebook ɗin da ba nata ba. Ki ce babanki ya hana.

Ga abin da nake so ki yi kafin hutu. Ki girka VirtualBox, manhajar da ke tayar da kwamfuta a cikin kwamfuta, ki tayar da injinan Linux biyu a hanyar da ba ta fita waje. Ƙwaƙwalwar gigabayit 8 za ta ɗauka, ko da da ƙyar. Ki buga ssh -Q kex ki ga jerin hanyoyin musayar makulli da naki ya sani. OpenSSH, manhajar shiga inji daga nesa, ya mayar da haɗin da ke jure kwantum zaɓinsa na farko tun fitowa ta 9.0 a 2022, a ta 10.0 kuma ya koma ML-KEM. Ki haɗa injinan sau biyu, da tsohuwar hanya da sabuwa, Wireshark mai kallon saƙonnin da ke bin layi yana naɗewa, ki rubuta bayit nawa da ƙunshi nawa kowanne ya ci. Sannan ki rage faɗin layin, ki sa shi ya riƙa zubar da ƙunshi biyu cikin ɗari, ki sake aunawa sau 20 ki ɗauki matsakaici. Daga nan ki mayar da agogon inji ɗaya baya da shekara biyu, ki ba shi hanyar fita intanet, ki gwada buɗe wani shafi, ki karanta ƙorafin da burauzar za ta yi kalma bayan kalma.

Ki zo mini da jadawalin a takarda, ba a waya ba, idona ba ya son ƙananan rubutu. Mamanki tana gaishe ki, ta ce ki riƙa cin abinci kafin ki zauna gaban na'urar nan. Ƙannenki ma suna gaisuwa. Allah ya yi miki albarka, ya tsare ki.

Wassalam,
Mahaifinki